Daga Batir Zuwa Ƙofar Gida: Yadda Ake Gina Manhajar Na'urar da Ake Sawa a Jiki

Wanda ya saba rubuta manhajar waya ko ta sabar, wato babbar kwamfutar da ke hidima daga nesa, ya saba da yalwa. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhaja ke aiki a cikinta, ta cika, sai a ƙara. Intanet ya yanke, sai a sake gwadawa. Wuta kuwa ba ma a zancenta. Ranar da aka miƙa masa munduwa mai auna bugun zuciya, ko zobe mai bibiyar barci, aka ce ya rubuta abin da zai zauna a ciki, wannan sabon ne zai fara zame masa cikas. Cip, wato ƙwaƙwalwar na'urar, irin nRF52840, wanda ake yawan samu a irin waɗannan kaya, RAM ɗinsa kilobayit 256 ce, ma'ajiyarsa megabayit ɗaya, kuma a hakan ana lissafa shi cikin masu wadata. Na'urar tana manne da jikin da ke gumi, yake gudu, yake juyi a gado ya danne ta. Ga kuma ƙarin kaya: fitilun gida da na'urar sanyaya ɗaki da makullin ƙofa duk sun kasa kunne suna jiran abin da za ta ce.

Misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe: munduwa mai auna motsi da bugun zuciya, wadda za ta gane cewa mai ita ya yi barci, ta sanar da gida ya kashe fitila. Jerin matakan ba na ado ba ne. A ganina, aikin da aka fara daga zanen allo aka bar batir da yankewar haɗi sai ƙarshe, sau biyu za a yi shi.

Mataki na ɗaya: raba aikin kafin ka rubuta komai

Wurare huɗu ke gabanka: munduwar, wayar mai ita, cibiyar da ke sarrafa kayan gida, da sabar da ke can nesa. Ɗauki takarda ka jera duk abin da ake so a yi, ka rubuta wa kowanne inda zai zauna. Tambayar da za ta raba maka gardama ita ce: in haɗi ya yanke, wannan aikin dole ne ya ci gaba? Ƙirga taku da auna bugun zuciya dole su ci gaba ko waya ta mutu, don haka na munduwa ne. Zana jadawalin barcin wata guda na waya ne. Yanke shawarar kashe fitila na cibiyar gida ne, domin ita ce ta san ko akwai wani a ɗakin da ke karatu. Sabar a bar mata adanawa mai tsawo da rarraba sabuntawa, kada a sa ta a tsakiyar hanyar da ke tsakanin hannun mutum da fitilar ɗakinsa.

A nan ne kuma za ka tsayar da magana a kan abin da za ka yi ikirari. In ka ce munduwar tana nuna bugun zuciya don motsa jiki, hanya ɗaya ce. In ka ce tana gano ciwon zuciya, ka shiga hurumin kayan asibiti, inda ake bin ƙa'idar IEC 62304 wajen rubuta manhaja, ake kuma neman amincewar hukuma, kamar yadda Apple ya samu ta hukumar FDA ta Amurka a 2018 kan awon ECG, wato awon siginar lantarkin zuciya, na agogonsa. Wannan ba shawarar da ake canzawa a tsakiyar aiki ba ce, domin takardun da za a nema tun daga ranar farko ake tara su.

Mataki na biyu: kasafin batir

Yi wa batirin kasafi kamar yadda mai albashi ke yi wa kuɗinsa tun farkon wata. A ce batirin 200 mAh ne (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne), ana son ya kai kwana bakwai, wato awa 168. Cire kashi ɗaya cikin biyar saboda tsufan batir da sanyi, saura 160. Raba 160 da 168, ka samu kusan mili-amfiya (mA) 0.95, wato mikro-amfiya (µA) 950. Wannan ita ce dukiyarka gaba ɗaya: matsakaicin abin da na'urar za ta riƙa ja, dare da rana, komai da komai a ciki.

Yanzu ka duba masu ci. A ce ɗan koren fitilar da ke haska fata don auna bugun zuciya tana jan 10 mA. In ka bar ta a kunne, ita kaɗai za ta cinye batirin cikin awa ashirin. Amma ba a barin ta a kunne. Ana ƙyafta ta ne: sau 25 a daƙiƙa, kowanne na tsawon mikrodaƙiƙa 100. Jimilla milidaƙiƙa biyu da rabi ke nan a kowace daƙiƙa, matsakaicin cinta ya sauko zuwa 25 µA. Fitila ɗaya, aiki ɗaya, bambancin ninki ɗari huɗu, kuma duk a manhaja aka yi shi.

Haka rediyon Bluetooth. A irin wannan cip yana jan wajen 5 mA lokacin da yake magana. A ce kowace ganawa da waya tana ɗaukar milidaƙiƙa biyu. In sau ɗaya ake ganawa a daƙiƙa, 10 µA ne. In duk bayan milidaƙiƙa 30 ne, ya haura 300 µA, sulusin kasafinka ya tafi a gaisuwa kawai, ba tare da an aika komai ba.

Zuba waɗannan alƙaluma a jadawali: kowane ɓangare, abin da yake ja, tsawon lokacin da yake farke, matsakaicinsa. Sai ka samo na'urar auna wuta mai iya ganin mikro-amfiya, irin Power Profiler Kit II na Nordic, ka gwada jadawalin da abin da allon gwaji ke ja a zahiri. Mitar hannu ta gama-gari ba ta ganin waɗannan gajerun tsalle-tsalle. Abin da aka fi kamawa a wannan gwaji ba ya wuce ƙananan mantuwa. Cip ɗin da ya kamata ya ja mikro-amfiya kaɗan a barci sai ka ga yana jan ɗari uku. Ka bi sawu sai ka tarar da rizista mai 10 kΩ da ke jan wata ƙafar cip zuwa 3 V, alhali manhaja ta riƙe ƙafar a ƙasa: 3 V a kan 10 kΩ daidai 300 µA ne, suna zuba ba dare ba rana. Ko tashar UART da aka kunna don karanta saƙonnin gwaji aka manta ba a kashe ba. Ko ƙafar da aka bari tana lilo ba a ɗaure ta sama ko ƙasa ba.

Ka mai da wannan awo al'ada. Duk sabon sigar manhaja a auna cinta kafin a karɓe ta, domin layi ɗaya na iya mai da kwana bakwai zuwa kwana biyu ba tare da wani gwaji ya nuna ja ba.

Mataki na uku: furosesa ta yi barci, sensa ta yi gadi

Ko Zephyr ka ɗauka ko FreeRTOS, wato tsarukan da ke tafiyar da ƙananan na'urori, ƙa'idar ɗaya ce: halin da na'urar ta saba ciki shi ne barci, farkawa kuwa sai da dalili. Kada ka rubuta kod mai zagaye yana tambayar sensa ko akwai sabon abu. Sensar motsi tana da ɗan rumbu a cikinta. Sensar LIS3DH, misali, tana tara awo 32 kafin ta cika. In kana awo sau 25 a daƙiƙa, rumbun zai ɗauki fiye da daƙiƙa ɗaya kafin ya cika, sannan sensar ta taɓa layin tayarwa, furosesa ta farka ta kwashe gaba ɗaya ta koma barci. Farkawa ɗaya maimakon talatin da biyu.

Sai batun abin da za a ajiye. Kusurwa uku, kowace bayit biyu, sau 50 a daƙiƙa, bayit 300 ke nan a daƙiƙa, kusan megabayit 26 a rana. Ba inda za ka zuba su, ba kuma batirin da zai aika su. In ka taƙaita kowane minti cikin bayit 16, wato yawan taku, matsakaicin bugun zuciya, ƙarfin motsi da ingancin awon, ranar gaba ɗaya ba ta wuce kilobayit 23 ba. Lissafi a cikin cip ya fi aikawa ta rediyo araha nesa ba kusa ba, shi ya sa ake tacewa a hannu. In ana son ɗan model na koyon na'ura don gane barci, a matse shi zuwa lambobin bit takwas, kuma kafin a kai ga haka a fara gwada ƙa'ida mai sauƙi, don a san abin da model ɗin ya ƙara.

Bayanan da ke fitowa daga jiki ba su da tsabta, kuma a nan gizo ke saƙar. Awon bugun zuciya da haske ya dogara ne da ɗan canjin da jini ke kawowa a hasken da ya dawo daga fata. Munduwa ta yi sako-sako, hasken waje ya kutsa. Hannu ya yi sanyi, jinin fata ya ragu. Zanen tatu na iya toshe hasken, fata mai duhu kuma ta fi shan koren haske, don haka ƙarfin fitila da ya wadatar a hannu ɗaya ba lallai ya wadatar a wani ba. Manhaja ce za ta riƙa daidaita shi da kanta. Mafi wayo cikin matsalolin ita ce ta gudu. Mai gudu yana taku wajen 160 zuwa 180 a minti, bugun zuciyarsa ma a wannan yankin yake. Munduwar tana girgiza da kowane taku, sai dabarar ta kama takun ta ɗauka zuciya ce, ta nuna lamba mai kyan gani wadda ba gaskiya ba ce. Maganin shi ne a karanta sensar motsi da ta haske a lokaci guda, a gano bugun da ya fito daga motsi a cire shi.

Saboda haka kowane awo ya fita tare da makin inganci, kuma a bar wa na'urar damar cewa ba ta sani ba. Munduwar da aka ajiye a kan tebur ba ta motsi ko kaɗan. In ba ka fara tabbatar da cewa tana jikin mutum ba, za ta shaida wa gida cewa mai ita ya yi barci mai nauyi da tsakar rana.

Mataki na huɗu: gina haɗin a kan cewa zai yanke

Bluetooth mai ƙarancin cin wuta, wanda ya zo da siga ta 4.0 a 2010, yana aiki a zangon 2.4 GHz, tasha 40, uku daga ciki na shela ne, wato inda na'ura ke sanar da cewa tana nan. A zangon nan Wi-Fi yake, nan Zigbee da Thread suke, wato hanyoyin rediyon da kayan gida ke magana da su, nan na'urar ɗumama abinci ke yoyo. Gida mai kayan zamani cike yake da hayaniya a daidai inda kake son magana. Jikin mutum kuma yawancinsa ruwa ne, yana shanye wannan zango. Waya a aljihun baya na dama, munduwa a hannun hagu, jiki a tsakani: haɗi na iya yankewa alhali tazarar ba ta kai mita ɗaya ba. Yankewa ba hatsari ba ce, yanayin yau da gobe ne.

Fara da abin da aka riga aka tsara. Akwai hidimar bugun zuciya mai lamba 0x180D da ta batir mai lamba 0x180F. In ka bi su, manhajojin wasu za su karanta na'urarka ba tare da ka rubuta musu komai ba. Naka tsarin na musamman ka keɓe shi ga abin da babu shi a ƙa'ida, kuma bayit na farko na kowane saƙo ya zama lambar siga, domin wata rana sabuwar waya za ta yi magana da tsohuwar munduwa.

Tazarar ganawa tana iya zama daga milidaƙiƙa 7.5 zuwa daƙiƙa huɗu. Munduwa roƙo kawai take yi, waya ce ke da ta cewa, don haka ka karanta abin da aka ba ka, kada ka ɗauka an ba ka abin da ka nema. Yi amfani da tazara biyu: doguwa lokacin zaman banza, gajera lokacin kwashe bayanai, ana gamawa a koma doguwa. Haka girman ƙunshi: in ba a yi ciniki ba, bayit 20 kacal ke shiga kowane saƙo. Daga siga ta 4.2 ana iya kai ƙunshi har bayit 251, amma sai ɓangarorin biyu sun yarda, kuma dole kod ɗinka ya yi aiki ko an ƙi.

Ga yadda za ka tsare bayanai daga ɓata. Kowane taƙaitaccen minti a rubuta shi a ma'ajiya mai zagaye, da lambar jeri mai hawa. In an haɗu, waya ta faɗi lamba ta ƙarshe da ta adana, munduwa ta ci gaba daga nan. Ba a share komai sai waya ta tabbatar cewa ta rubuta shi a ma'ajiyarta, ba wai ta karɓa kawai ba; tsakanin karɓa da rubutawa manhajar waya na iya mutuwa. In abu ya zo sau biyu, lambar jeri za ta fallasa shi. Ka kuma yanke tun yanzu abin da za a yi in ma'ajiya ta cika bayan mako biyu ba waya: tsohon za a taka, ko sabon za a ƙi? Ga bayanan motsa jiki, taka tsohon ya fi. Sannan ka rarraba rubutun a faɗin ma'ajiyar, domin shafin filash na cikin irin wannan cip wajen sau dubu goma ake iya share shi.

Agogo ma abin lura ne. Kiristal mai 32.768 kHz da ke da kuskuren kashi 20 cikin miliyan yana zamewa da kusan daƙiƙa 1.7 a rana. Batir ya mutu kuma lokaci ya ɓace ɗungurungum. Ka riƙe ƙirge mai hawa wanda ba ya komawa baya, duk lokacin da aka haɗu da waya a rubuta cewa ƙirge kaza ya yi daidai da lokaci kaza na UTC, wato agogon duniya na bai-ɗaya. Sauya shi zuwa agogon gari aikin waya ne. In ka adana lokacin gari a munduwa, matafiyin da ya tsallaka ƙasashe zai ga ya yi barcin awa goma sha huɗu, ko ya farka kafin ya kwanta.

Mataki na biyar: wayar ba taka ba ce

Android da iOS duk suna danne manhajar da ba a gaban allo take ba, don kare batirinsu. Tun Android 6 akwai Doze, tsarin da ke takura wa manhajoji in an ajiye waya, daga Android 12 kuma sai an nemi izinin BLUETOOTH_SCAN da BLUETOOTH_CONNECT daban. A Android ka jera umarnin Bluetooth a layi, ɗaya ya kammala kafin na gaba ya tafi, in ba haka ba wasu za su ɓace shiru. Za ka kuma gamu da kuskure mai lamba 133, wanda ba ya faɗin dalilinsa. Rufe haɗin gaba ɗaya, ɗan jira, sake gwadawa, kowane karo jiran ya ƙaru. iOS kuwa ba ya ba ka adireshin Bluetooth na na'urar, lambar da ya ƙirƙira yake bayarwa, kuma ta bambanta daga waya zuwa waya, don haka shaidar munduwa ta fito daga cikin munduwar. Bayanan lafiya a zuba su ta HealthKit a iOS ko Health Connect a Android, inda mai wayar ke da ikon cewa wa zai gani.

Mataki na shida: magana da gida

Matter, yaren bai-ɗaya na kayan gida, wanda ya fito a watan Oktoban 2022 da goyon bayan Apple da Google da Amazon da Samsung, ya rage rikicin kayan gida da ba sa jin yaren juna. Yana tafiya a kan Wi-Fi da Thread da kebul. Amma kada ka yi gaggawar mai da munduwa cikakkiyar 'yar wannan tsarin. Tana fita gida, tana dawowa, batirinta ƙarami ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ta yi magana da waya ko da wata gada da ke jone da wutar bango, ita kuma ta isar wa cibiyar gida, ta Matter ko ta MQTT, wata ƙa'idar aika gajerun saƙonni tsakanin na'urori.

Abin da za a aika labari ne, ba umarni ba, ba kuma ɗanyen awo ba. Munduwa ta ce: mai ni ya yi barci, tabbacina kashi kaza, da ƙarfe kaza. Fitila ba ta da buƙatar sanin bugun zuciyar kowa. Cibiya ce za ta haɗa wannan da sauran abin da ta sani, ta yanke hukunci. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya ya yi barci ɗaya bai yi ba: munduwa ba ta da hanyar sanin wannan.

Abu uku ka kiyaye a saƙon kansa. Na farko, MQTT a matakin tabbaci na ɗaya yana alƙawarin isarwa aƙalla sau ɗaya, ma'ana yana iya isarwa sau biyu. In saƙon cewa yake a juya makunni, zuwa biyu zai kashe ya sake kunnawa. In cewa yake fitila ta kasance a kashe, ko sau goma ya zo ba komai. Na biyu, kowane labari ya zo da wa'adi. Saƙon barci na ƙarfe biyun dare da ya maƙale a layi saboda haɗi ya yanke, in ya iso da magariba ya kashe wa mutane fitila, ya zama ɓarna. MQTT 5 yana da gurbin wa'adin saƙo, ka cika shi. Na uku, hannun mutum ya fi kowace dabara. Wanda ya tashi ya kunna fitila da kansa ya riga ya faɗi abin da yake so, a dakatar da sarrafawar na wani lokaci, kada gida ya shiga jayayya da mai gida.

Gane ɗakin da mutum yake ta ƙarfin sigina kuwa, a yi hattara. Mutum yana zaune wuri ɗaya, ya juya hannu kawai, sigina ta faɗi kamar ya bar ɗakin. In iyaka ɗaya ka sa, fitila za ta yi ta ƙyaftawa. Sa biyu: a ce an shigo in sigina ta fi -65 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina), a ce an fita sai ta yi ƙasa da -80 dBm na tsawon rabin minti a jere. Ainihin lambobin a gidan za a auna su. Wannan ya isa ga fitila, inda kuskure ɗan haushi ne kawai. Bai isa ga makullin ƙofa ba. Ɓarayi biyu da na'urar miƙa sigina, ɗaya kusa da mai munduwa ɗaya a bakin ƙofa, za su sa makulli ya ɗauka mai gida ne a tsaye. Ƙofa tana buƙatar awon tazara ta lokacin tafiyar sigina, irin na rediyon UWB, ko sabon tsarin awon tazara da Bluetooth 6.0 ya kawo a 2024, kuma ni dai zan ƙara da cewa sai mutum ya taɓa wani abu da hannunsa.

Mataki na bakwai: tsaro da sirri

Wajen haɗa munduwa da waya karon farko, yi amfani da LE Secure Connections, kuma in akwai allo a nuna lamba shida mutum ya gwada da ta waya. Salon da ake kira Just Works ba ya hana wani ya shiga tsakani. Adireshin da ake shela da shi ya zama mai sauyawa, wanda aka saba canzawa duk minti 15, don kada a bi mutum daga wuri zuwa wuri. Sai dai in ka sa lambar na'urar a cikin saƙon shelar, ka rushe abin da hannunka, kuma ana yawan yin haka. Kowace munduwa da nata makulli. Makulli ɗaya ga duka yana nufin wanda ya fasa ɗaya ya fasa duka. Kafin kaya su bar masana'anta a rufe tashar SWD da ake shiga cip da ita.

Bayanan da ba su da illa ɗaiɗai suna iya yin illa in an tara. A Janairun 2018 aka lura cewa taswirar da kamfanin manhajar motsa jiki Strava ya wallafa ta hanyoyin da masu motsa jiki ke bi tana nuna fasalin sansanonin soja, domin sojoji na gudu da na'urorinsu. Ba wanda ya yi kutse. Tarawa ce ta tona. Munduwar da ke magana da gida ta san lokacin da ake barci da lokacin da gidan ba kowa. Dokar GDPR ta Tarayyar Turai ta sa bayanan lafiya a rukuni na musamman a sashe na 9. Abin da bai zama dole ya bar gidan ba, a bar shi a gidan, kuma a tanadi hanyar share komai in za a sayar da munduwar ko a bayar da ita.

Mataki na takwas: sabuntawa ta iska

Wannan ka gina shi da wuri, domin na'urar da aka liƙe don kada ruwa ya shiga ba ta da wata ƙofa. Manhajar tayarwa irin MCUboot tana raba ma'ajiya gurbi biyu: sabuwar siga ta sauka a na biyu, a duba sa hannunta na dijital, a tayar da ita a matsayin gwaji. In ta tashi lafiya ta tabbatar da kanta. In ta faɗi, a koma tsohuwa. Sharaɗin tabbatarwar ya haɗa da cewa Bluetooth yana aiki, domin sigar da ta tashi amma ba a iya kai mata gyara, ta kashe na'urar ke nan. Ma'anar gurbi biyu ita ce manhajarka ba za ta kai rabin ma'ajiya ba, ka san da haka tun kana zaɓen cip. Saukewa ta iya ci gaba daga inda ta tsaya, kada a fara in batir ya yi ƙasa, kuma a fara sakar wa mutane kaɗan kafin kowa.

Mataki na tara: gwaji a jiki da kuma a kan lokaci

Naɗi ɗanyen awo daga mutane mabambanta, fata daban-daban, siraran hannu da kaurara, tsofaffi da matasa, tare da ɗamarar ƙirji a matsayin ma'auni. Ajiye naɗin, duk lokacin da ka taɓa dabarar ka sake bi da shi ta kwamfuta ka ga abin da ya gyaru da abin da ya lalace. Haɗin kuma ka ci zalinsa da gangan: kashe Bluetooth a tsakiyar kwashe bayanai, cire batir a tsakiyar sabuntawa, kashe cibiyar gida, cika ma'ajiya, mai da agogon waya baya. Kunna mai gadin cip, wanda ke sake tayar da na'ura in ta daskare, kuma kowace tashi a rubuta dalilinta a inda waya za ta karanta, domin wannan ce kaɗai shaidar da za ka samu daga na'urar da ke hannun wani.

Akwai kuma kurakuran da lokaci kaɗai ke fito da su. Ƙirgen RTC, wato agogon cikin cip, na dangin nRF52 bit 24 ne, a cikakken gudunsa yana cika ya koma sifili duk daƙiƙa 512. Wannan da wuri za ka gan shi. Ƙirgen milidaƙiƙa mai bit 32 kuwa sai bayan kwana 49.7, lokacin da kaya sun riga sun isa hannun jama'a. Ba sai ka jira ba. A sigar gwaji ka fara ƙirgen daga 'yan mintuna kafin cikarsa, yadda Linux ke fara nasa minti biyar kafin ya zagayo, ka duba ko lambar jeri da wa'adin saƙo da lissafin barci duk sun tsallake sifilin lafiya.